Tsofaffin motocin tsere masu kujera ɗaya: me ake saya da waɗannan maƙudan kuɗi, kuma na waye?

Ranar 1 ga Fabrairun 2025 a birnin Stuttgart na Jamus aka buga guduma kan wata tsohuwar marsandi ta tsere, ƙirar W196 ta 1954, a kan yuro miliyan 51 da 'yan kai. Mota ce mai kujera ɗaya tak, ba fitila ba but ba lamba, ba za ka hau titi da ita ba, tada ta ma sai an tara makanikai. Duk wanda ya ji kuɗin abin da zai fara cewa shi ne masu kuɗi dai sun rasa yadda za su yi da kuɗinsu, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma fa zancen ya fi haka zurfi, domin in ka bi diddigi za ka tarar ƙarfen da robar su ne mafi arha a cikin abin da aka biya.

Wannan motar tana da wani abu da yawancin sa'o'inta ba su da shi, wato kowa ya san inda ta kwana tun ranar da aka ƙera ta. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya ci tsere da ita a Buenos Aires a farkon 1955, Stirling Moss ɗan Ingila ya tuƙa ta a Monza a wannan shekarar, kamfanin Mercedes ya janye daga tsere a ƙarshen 1955 bayan mummunan hatsarin tseren Le Mans na Faransa da ya kashe mutum sama da 80, ya ajiye ta, sannan a 1965 ya ba da ita kyauta ga gidan tarihin filin tseren Indianapolis a Amurka, nan ta zauna kusan shekara 60 har ranar gwanjon. Hannu biyu kenan kacal. Babu wata shekara da za ka nuna ka ce to a nan ina take, wa ke riƙe da ita. Abin da ya sa ta tsada kenan, kuma rashinsa ne ya sa da yawa daga cikin sauran suke jawo rigima har gaban alƙali.

Sai an fara gane yadda masu motocin suka ɗauke su a lokacinsu. Motar tsere kayan aiki ce ta kaka ɗaya, in ta yi tsawon rai kaka biyu ko uku. Ba wanda ya ƙera ta don a ajiye. Yau an yi tsere an fasa hanci, gobe an sa wani, injin ya buga an ciro na wata an ɗora, shasi, wato ƙashin motar da ake ɗora komai a kai, ya lanƙwashe an yanke an yi walda ko an kawo sabo an mayar da komai a kai, in shekara ta zagayo an sauya doka sai motar da ta ci kambun duniya na Formula 1, babbar gasar motoci masu kujera ɗaya, bara ta zama tarkacen da ke cin wuri a gareji. Haka ta faru lokacin da ƙananan motocin Cooper masu injin a bayan direba suka zo, Moss ya ci tseren Ajantina da ɗaya a 1958, Jack Brabham ya ɗauki kambu a 1959 da 1960, shikenan manyan motoci masu injin a gaba kasuwarsu ta mutu, a 1961 kuma aka rage girman injin daga lita 2.5 zuwa 1.5 aka ƙarasa binne su.

Enzo Ferrari mai kamfanin Ferrari shi ko tausayin tsohuwar mota ba ya yi. Ferrari 156 ta 1961, mai hanci kamar na kifin shak, wadda Phil Hill ya zama zakaran duniya da ita, a kakar da Wolfgang von Trips ya mutu a Monza tare da 'yan kallo 15, ko guda ɗaya ba ta rage ba, duk an sare su. Duk wadda ka gani yau tana zagaya fili to daga baya aka ƙera ta daga hotuna da zane. Lancia D50 ma kusan haka, kamfanin ya miƙa wa Ferrari motocin a 1955 bayan mutuwar Alberto Ascari da matsalar kuɗi, Fangio ya ci kambun 1956 da su, aka yi ta sauya musu kama har aka watsar, biyu ne na asali suka tsira. Wannan abu yana min ciwo gaskiya, amma ba zan ɗora wa mutanen lokacin laifi ba, hankalinsu na kan tseren mako mai zuwa ne, kuɗin ma da ƙyar suke haɗawa.

Waɗanda suka tsira kuwa yawanci talauci ne ya cece su. Kamfani ya gama da mota sai ya sayar wa direba mai zaman kansa, shi ma ya ci moriyarta ya tura ta ƙasashen da har yanzu za ta iya cin abinci, Ostireliya, Niyu Zilan, Afirka ta Kudu, Ajantina. Chris Amon yana saurayi a Niyu Zilan da tsohuwar Maserati 250F ya fara nuna kansa, motar da Turai ta riga ta yar. John Love na Rodeshiya, Zimbabuwe ta yanzu, saura ƙiris ya ci gasar Afirka ta Kudu a Kyalami a 1967 da wata tsohuwar Cooper ta hannu, yana gaba har sai da matsalar mai ta sa ya tsaya a ƙarshe-ƙarshe, ya ƙare na biyu bayan Pedro Rodriguez. Irin waɗannan mutanen ba masu tara kayan tarihi ba ne, mutane ne masu son gudu da ba su da kuɗin sabuwa, suka yi ta faci, wani ya cire injin Italiya ya sa na Chevrolet, wani ya faɗaɗa bodi ya mayar da ita mai kujera biyu, wata ta ƙare a bayan gareji ciyawa ta fito ta cikinta. Sun ɓata kamannin motocin, haka ne, amma ba don su ba da tuni 'yan gwangwan sun narkar da su.

To a nan matsalar lambar shasi ke shigowa, kuma ita ce cibiyar maganar gaba ɗaya. Sunan mota shi ne lambar shasinta. A wasu motocin ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba an buga lamba an maƙala shi da ƙusa biyu ko huɗu, a wasu kuma a jikin bututun shasin aka buga lambar. Abu ne da bakanike zai cire ya mayar kan wata motar kafin shayinsa ya huce, kuma sun yi hakan ba sau ɗaya ba, ba don su cuci wani mai saye na shekara 50 masu zuwa ba, don kwastan ne. A lokacin kowace iyaka ta Turai sai ka nuna takardar wucewa da aka rubuta lambar shasi a kai, an kuma ajiye kuɗin jingina a kanta, to in motar da ke kan takardar ta yi hatsari ranar Lahadi kuma akwai tsere a wata ƙasa mako mai zuwa, wa zai tsaya neman sabuwar takarda? Sai a cire lambar a liƙa wa wadda ke da lafiya a wuce. Wani lokacin kuma kamfani zai gyara tsohuwa ya ba ta sabuwar lamba ya sayar. Lotus 49 mai lamba R2, wadda Jim Clark ya ci tseren Zandvoort na Holan da ita a 1967 ranar da injin Cosworth DFV ya fara fitowa, daga baya an sabunta ta an sa mata R11 aka sayar wa Pete Lovely ɗan Amurka, sai masu bincike ne suka zo suka warware cewa ita ce dai.

Babu motar da ta sha wannan rikicin kamar Maserati 250F, kuma babu wadda na fi so a cikinsu duka, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsaya a kanta. Injin silinda shida a jere, lita 2.5, dogon hanci, tankin mai a bayan direba an ɗinke shi da ƙusoshi jere-jere ana gani, sitiyari na katako, ba bel ba komai, direba na zaune a sarari rabin jikinsa a waje, totur ma a tsakiya yake tsakanin kuloci da birki irin yadda Italiyawa suka saba, har Moss da iyalinsa suka saya masa tasa a 1954 sai da ya sa aka mayar masa da totur dama. Ta fara tsere a Janairun 1954 a Ajantina Fangio ya ci da ita, kuma ana ganinta a gasar duniya har 1960. Ranar 4 ga Agustan 1957 a Nürburgring na Jamus, filin da zagaye ɗaya ya haura kilomita 22, Fangio yana da shekara 46 ya tsaya shan mai da canjin taya makanikai suka yi masa nawa, ya fito kusan daƙiƙa 50 a bayan Mike Hawthorn da Peter Collins na Ferrari, ya dinga karya tarihin gudun filin zagaye bayan zagaye har ya kamo su ya wuce ana saura zagaye ɗaya da 'yan kai. Nasararsa ta ƙarshe kenan a gasar duniya, da ita ya ɗauki kambu na biyar. Motar lambar shasinta 2529.

Yanzu ku duba, 250F ɗin da kamfanin ya ƙera ba su kai 40 ba ko ta wane lissafi aka bi, kuma lissafin ma ana sa-in-sa a kai, saboda Maserati sun yi ta sauya lambobi, lamba ɗaya ta hau mota fiye da ɗaya, mota ɗaya ta ɗauki lamba biyu ko uku a rayuwarta. Sannan wani Bature ɗan Ingila, Cameron Millar, ya sayi tarin kayan gyara na asali daga Italiya ya shiga haɗa sababbi, wajen dozin guda, kuma mutumin ya yi gaskiya, ya buga musu tasa lambar mai farawa da CM don kar a ruɗe, Fangio da kansa ya mallaki ɗaya. Amma mota tana daɗewa fiye da mai ita. In ta sauya hannu sau uku sau huɗu, ga ta da injin asali ko giyar asali a ciki, ga wata lamba ta gaske da motarta ta ɓace ba wanda ya san inda take, ai kun san abin da zuciya za ta raya wa dillali. Shi ya sa mutane irin su David McKinney da Barrie Hobkirk suka kwashe shekaru suna bin kowace 250F ɗaya bayan ɗaya.

Aikin nasu abin kallo ne. Za ka ga mutum ya baza tsofaffin hotuna baƙi da fari a tebur da gilashin ƙara girma a hannu yana ƙirga ramukan iska da ke gefen bodi, yana ƙirga ƙusoshin tanki, yana duba inda madubi ya zauna da wata 'yar lotsawa a gefen hanci, don ya tabbatar motar da ta ɗauki lamba 4 a wannan tseren ita ce ta ɗauki lamba 28 bayan sati biyu. In an kai shi gaban motar kuma ba fentin zai duba ba, zai sa a cire bodi ya kwanta a ƙasa da tocila yana bin walda, domin hannun mai walda na Modena, garin Maserati, a 1956 daban yake da na wani a Ingila a 1975, yana neman ramin da aka huda aka toshe, da facin da ya dace da hatsarin da jarida ta ruwaito a shekara kaza. Yanzu har gwajin ƙarfe ake yi a ga ko irin na zamanin ne. Waɗannan mutanen yawancinsu ba za su iya sayen tayar motar ba, amma kalma ɗaya daga bakinsu tana ɗaga farashi ko ta kayar da shi da miliyoyi.

Denis Jenkinson, tsohon ɗan jaridar tsere na Ingila wanda ya zauna kusa da Moss a tseren titi na Mille Miglia a Italiya a 1955, ya yi ƙoƙarin raba abin aji-aji. A wurinsa motar da za a kira ta asali tsantsa sai wadda aka ajiye tun ranar da ta fito ba a taɓa ta ba, kuma kusan babu irinta. Sai wadda aka yi ta amfani da ita ana gyara amma ba ta taɓa ɓacewa ba kuma ba ta sauya kama ba, sai wadda ta sha sauye-sauye amma tarihinta bai yanke ba aka mayar da ita yadda take a wata shekara, sai wadda ta mutu aka rarraba kayanta wani ya zo ya tattara abin da ya saura ya tayar da ita, can ƙasa kuma kwaikwayo zalla. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mota ɗaya ta haifi biyu. A cikin motocin ERA na Ingila na shekarun 1930, waɗanda guda 17 aka ƙera na farkon kuma kusan duk suna nan, akwai ta Yarima Bira na Siyam, Tailan ta yanzu, da ake kira Hanuman. Ta yi hatsari a Reims a 1939 aka sake gina ta kan wani shasin, ta ci gaba da rayuwarta, tsohon shasin kuma aka ajiye, bayan shekaru aka gyara shi aka gina mota a kansa. Yau ga R12B ga R12C, kowacce da hujjarta. Abin da ya sa ba a yi faɗa ba shi ne ba a ɓoye komai ba, kowa ya san wacce ce wacce.

Inda aka yi faɗan har kotu shi ne kan wata Bentley da ake kira Old Number One, ita ba mai kujera ɗaya ba ce tun asali amma hukuncinta ya shafi kowa. Ta ci Le Mans a 1929 da 1930, mai ita Woolf Barnato ya sa bakanikensa Wally Hassan ya sake gina ta, ta yi hatsari a Brooklands a 1932 direbanta Clive Dunfee ya mutu, aka sake gina ta. A 1990 Ed Hubbard ya yi cinikinta da kamfanin Middlebridge kan fam miliyan 10, masu saye suka ja da baya suka ce ai wannan ba motar da ta ci Le Mans ba ce, kusan komai an sauya. Alƙali Otton na babbar kotun Landan ya ba mai sayarwa gaskiya, hujjarsa ita ce tarihin motar bai taɓa yankewa ba, kowane sauyi a kanta aka yi shi tana matsayin ita ɗin, kuma babu wata mota a duniya da za ta fito ta ce ni ce. Kamar cinikin fili ne a unguwa, ba ƙasar kake tonawa ka duba ba, tambaya kake wa ya sayar wa wa, su wa suka shaida, akwai wani mai takarda a kansa ko babu. Ni ina ganin alƙalin ya yi daidai, sai dai hukuncin ya buɗe wata ƙofa, domin tun da tarihi ne kuɗi to mai son zamba ba sai ya wahala da ƙarfe kaɗai ba, takarda zai ƙirƙira, tsohon rasit, wasiƙar wani mamaci, labarin wai an tsinto ta a wani rumbu a Kudancin Amurka.

Labarin Auto Union kuma wani babi ne, nan tambayar ba wacce ce ta gaske ba kaɗai, har da wa ke da haƙƙi. Motocin Jamus ne na shekarun 1930, Ferdinand Porsche ya zana na farkon da injin silinda 16 a bayan direba, gwamnatin Nazi ta zuba musu kuɗi su da Mercedes don farfaganda, wannan kuma ɓangare ne na tarihinsu da bai kamata a share ba in ana yabon kyansu. Masana'antar tana Zwickau, bayan yaƙin duniya na biyu yankin ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, sojoji suka kwashe motocin a matsayin diyyar yaƙi aka kai su can aka rarraba wa masana'antu da cibiyoyin bincike, aka buɗe su aka yi nazari, yawanci suka lalace. A 1976 Viktors Kulbergs ɗan Latbiya ya ceto ɗaya a masana'antar ZIL ta Mosko ana dab da sare ta, ya kai ta Riga, daga baya Audi, magadan kamfanin Auto Union, suka karɓe ta suka ba gidan tarihin Riga kwafinta. Paul Karassik kuma, Ba'amurke mai asalin Rasha, ya shafe shekaru yana bin jita-jita a Rasha da Yukiren har ya tattaro ragowar Type D, ƙirar Auto Union ta ƙarshe, ya fitar da su, kamfanin Crosthwaite & Gardiner a Ingila ya gina mota biyu daga ciki, bodin duk sabo ne don na asalin bai tsira ba. Audi sun sayi ɗaya a 1998, ɗayar a 2012.

To ta wa ce? Jamusawan da suka ƙera, ko Rashawan da suka ɗauka bayan an ƙone musu ƙasa, ko mutumin da ya sa kuɗinsa da lafiyarsa ya tono ta daga juji? Ni dai na fi karkata ga cewa wanda ya cece ta ya ci ladan wahalarsa, kuma komawarta inda jama'a za su gan ta ya fi alheri. A 2007 ma kamfanin gwanjo na Christie's ya shirya sayar da wata Type D a Faris ana cewa ita ce ta ci gasar Faransa ta 1939, saura kwanaki suka janye ta, bincike ya nuna shasin lamba 19 ne ba 21 ba. Motar ba ta sauya ko ƙusa ɗaya ba, amma labarinta ya sauya, farashin da ake hasashe ya bi shi.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a gyara. Hukumar tseren motoci ta duniya FIA tana ba da wani fasfo na tsofaffin motoci, mutane da yawa suna ɗauka shaidar asali ce. Ba ita ba ce. Abin da fasfon ke cewa kawai shi ne motar ta dace da ƙirar zamaninta, don haka za ta iya shiga tsere da sa'o'inta, ko da jiya aka gama haɗa ta. Shaidar asali sai dai fayil ɗin motar da bakin masana, ko sashen da kamfani ya buɗe don haka irin Ferrari Classiche, wanda shi ma wasu na ƙorafin cewa kamfani ya zama shi ne alƙali shi ne kuma mai sayar da kayan gyara. Ga kuma sabon salo na kamfani ko magada su ci gaba da ƙira, kamar yadda iyalan Owen, masu kamfanin BRM na Ingila, suka sa Hall & Hall suka ƙera sababbin BRM V16 daga zanen asali da lambobin shasin da aka ware tun shekarun 1950 ba a yi amfani da su ba. Ni ban ga aibin wannan ba ko kaɗan in dai an faɗa, ƙarar injin nan mai silinda 16 abu ne da ya kamata ɗan yau ya ji da kunnensa, kuma ba mai hankalin da zai ɗauki ta asalin ya matse ta har ƙarshe. Aibin yana farawa ne ranar da aka daina faɗa.

Wannan ya kawo mu kan gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu motocin, a tuƙa ko a ajiye. Tada irin wannan mota ma hidima ce, a ɗumama man injin tukuna, a sa fulogi na ɗumi a tayar da ita da abin tayarwa na waje, ta yi zafi a kashe a sauya fulogin gudu, wasu methanol suke sha wanda in an gama sai an zuƙe shi tas don yana cin ƙarfe da roba, kuma kowane awa na gudu yana matso da ranar da za a sauke injin. Ana fita da su a bikin tsofaffin motoci na Goodwood Revival a Ingila tun 1998, da tseren tarihi na Monako tun 1997, kuma ba wasa suke ba, tsere suke na gaske. A 2022 Charles Leclerc yana nuna Ferrari 312B3 ta Niki Lauda ta 1974 a Monako birki ya tsinke masa ya daki shinge da baya. Masu cewa a ajiye suka ce kun gani ko, kowane hatsari yana cinye wani yanki na asali da ba zai dawo ba. Kuma gaskiyarsu ne. Wata W196 ɗin daban da aka sayar a Goodwood a 2013 kan fam miliyan 19.6, wadda Fangio ya ci gasar Jamus da ta Siwizalan da ita a 1954, darajarta har da cewa an bar ta da ƙujewarta da tsufanta ba a yi mata kwalliya ba. Irin wannan kam a lallaɓa ta. Amma mafi yawansu an riga an sauya musu abubuwa sau ba adadi tun suna aiki, kuma motar tsere da aka kulle a ɗaki mai sanyi shekara 30 ba a tayar ba ita ma lalacewa take, roba ta bushe, magnesium ya ci kansa, sannan makanikan da suka san sirrinta su tsufa su mutu ba su koya wa kowa ba. Wannan na ƙarshen ya fi damuna fiye da lotsewar bodi.

Abin da nake tsoro da hauhawar farashin shi ne yana kwashe motocin daga idon mutane. Tom Wheatcroft ya buɗe tarin motocinsa na Donington a Ingila a 1973, kowa da kuɗin tikiti zai shiga ya ga motocin gasar duniya jere, ya rasu a 2009, aka rufe wurin a 2018 motocin suka watse. Gidajen tarihi kansu sayarwa suke don su riƙe kansu, W196 ta 2013 ɗin nan Mercedes ne suka ba gidan tarihin Beaulieu a 1973, gidan ya sayar a shekarun 1980. A 2025 Bernie Ecclestone, tsohon shugaban Formula 1, ya sayar da motocinsa 69 gaba ɗaya ga Mark Mateschitz magajin Red Bull, tarin da shekara da shekaru kusan ba wanda ke gani, sabon mai shi ya ce zai buɗe wa jama'a, muna fata ya cika. Doka ta ba mai kuɗi ƙarfen, ba gardama, ya ga dama ya rufe. Amma abin da ya ba ƙarfen daraja, wato ranar Nürburgring da dubban mutanen da suka tsaya a daji suna kallo da makanikan da suka kwana a ƙarƙashinta da masu binciken da suka ƙirga ƙusa, wannan ba shi ya ƙirƙira ba, a hannunsa amana ce, kuma mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne ya bar masana su duba, ya fito da ita lokaci-lokaci, kar kuma ya ƙara wa fayil ɗin abin da babu.

Motocin baya-bayan nan kuma tasu matsalar daban ce. Na shekarun 1970 masu injin DFV, wanda ya ci gasa 155, su ne mafi sauƙin riƙewa, injin da giyar Hewland duk ana samun kayansu, ƙaramin gareji mai makanikai uku zai iya. Daga shekarun 1990 zuwa sama labari ya sauya, ba rikicin lamba sosai don komai a rubuce yake, amma motar ba ta tashi sai da kwamfuta da manhajar zamaninta da injiniyan da ya san su. Ferrari F2003-GA ta Michael Schumacher an sayar da ita a Janiba a 2022 kan faran Siwizalan miliyan 14.6, Mercedes W04 ta Lewis Hamilton ta 2013 ta tashi dala miliyan 18.8 a Las Vegas a 2023, amma mai irin wannan Ferrari yawanci a Maranello, hedikwatar kamfanin, yake barinta ƙarƙashin shirin F1 Clienti, kamfani ne zai kai ta fili ya tayar masa ya ba shi ya zagaya ya karɓe abarsa ya mayar. Masu haɗin lantarki na 2014 zuwa yau sun fi haka wuya, ga batir mai haɗari ga sirrin injin da kamfani ba ya son ya fita, shi ya sa da yawa ake sayar da su ba injin a ciki. 250F in ta lalace mai walda da mai tukin ƙarfe za su tashe ta ko bayan shekara 100, waɗannan kuwa ranar da kamfanin ya rufe sashen ko ya daina kula da manhajar, mai ita ba shi da wurin zuwa.